Asalin Filin Koram na Birnin Landan

A unguwar Bloomsbury, cikin birnin Landan, akwai wani filin wasan yara da bai wuce eka 7 ba, ana ce masa Filin Koram. Dokarsa ce abin sha'awa: babba ba ya shiga sai da rakiyar yaro. Ko kai wane ne, in ka zo kai kaɗai, a bakin ƙofa za ka tsaya.

Sunan na wani dattijo ne, Tomas Koram, wanda aka haifa a garin Lyme Regis na bakin teku wajen 1668. Tun yana ɗan shekara 11 ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya tafi Amurka ya yi sana'ar ƙera jirage, sannan ya komo gida. Mutanen da sun ce kullum in ya yi sammako daga Rotherhithe zuwa cikin gari, sai ya riƙa ganin jarirai yashe a kan juji da gefen hanya, waɗansu da sauran numfashi, waɗansu sun riga sun cika. Shi kuwa Allah bai ba shi haihuwa ba. Abin ya tsaya masa a rai, ya ƙudura sai an gina wa 'yan tsintuwa gida.

Shekara 17 ya yi yana bin ƙofofin manya, suna ce masa gida irin wannan ai ɗaure wa lalata gindi ne. Da ya ga mazan sun ƙi, sai ya bi ta wajen matansu. A 1729 mace ta farko ta sa hannu a takardar roƙonsa, har suka kai 21. Mazan suka ji kunya suka biyo baya, a 1739 Sarki Joji na Biyu ya ba da izini.

Aka sayi eka 56 a bayan gari don gina gidan, a lokacin makiyaya ce. Waɗansu sun ce fam 7,000 aka biya, waɗansu sun ce 6,500. Ni dai abin da na fi gaskatawa shi ne mai filin ya yi kuɗinsa 7,000, ya bar musu 500 sadaka.

Iyaye mata suka yi ta zuwa har gidan ya kasa ɗauka, sai aka koma ƙuri'a. Uwa ta sa hannu cikin jaka: in ta zaro farin ƙwallo an karɓi ɗanta, ja ta jira, baƙi kuwa ta koma da shi. Wadda aka karɓi nata takan bar wata 'yar shaida, ko maɓalli, ko ƙyalle, ko rabin kwabo, don in Allah ya buɗa mata ta dawo ta gane abinta. Kaɗan ne suka dawo.

Abin takaici, Koram mutum ne mai faɗar gaskiya komai ɗacinta, bai daɗe ba aka ture shi daga cikin masu gudanar da gidan. Ya tsufa cikin talauci, sai da abokai suka haɗa masa abin sa wa baka. Duk da haka an ce yakan zo da jar kwat ɗinsa ya zauna a baranda, yana raba wa yara biskit mai citta, idonsa cike da ƙwalla. Ya rasu a 1751.

A 1926 aka kwashe yaran zuwa wajen gari, aka rushe ginin, har aka so a mai da wurin kasuwa. Mutanen unguwa suka ce ba su yarda ba, aka yi karo-karo, Lord Rothermere mai jaridu ya zuba kuɗi masu kauri, aka fanshi wannan ɗan yanki da ya zama Filin Koram. A 1936 aka buɗe shi don yara.

Yau akwai lilo da ramin yashi da filin ƙwallo, amma adon wurin shi ne manyan itatuwansa masu faffaɗan ganye. Irin da ke saɓa ne, ɓawonsu ya riƙa faɗuwa da kansa, shi ya sa hayaƙin kwal na tsohuwar Landan bai kashe su ba. Dogayen barandun da ke gefen filin kuwa tun na tsohon gidan ne. In Allah ya kai ka Landan kana son ka gani, to, ka nemi yaron da zai shigar da kai.