Tigta (maganin gargajiyar Tibet)

Tigta suna ne da likitancin gargajiyar Tibet, wato Sowa Rigpa, ke ba wasu tsirrai masu tsananin ɗaci da ake sha don zazzaɓi da cututtukan hanta da na matsarmama. Daga harshen Sanskrit sunan ya fito, ma'anarsa abu mai ɗaci.

Ba tsiro ɗaya ba ne ke amsa wannan suna, kuma nan ne masana tsirrai ke shan wuya. Littafin Shelgong Sheltreng, wanda Deumar Tenzin Phuntsok ya rubuta a ƙarni na 18, ya kasa tigta gida uku: ta Indiya, ta Nepal, da ta Tibet. Ta Indiya galibi ana ɗaukarta Swertia chirayita ce. Ta Tibet kuwa ita ma ta rarrabu: akwai zangtig, wadda ake yawan dangantawa da Swertia mussotii, da chagtig, wadda wasu ke cewa Halenia elliptica ce, wasu kuma nau'in Gentianopsis. Sumchutig, wadda ita ma cikin ta Tibet take, ba 'yar dangin waɗannan tsirrai ba ce sam, Saxifraga ce mai fitowa a tsagin duwatsu.

Dalilin wannan ruɗani shi ne tsofaffin likitocin da ɗanɗano da aikin magani suke rarrabe tsiro, kuma kowane yanki abin da ke tsirowa kusa da shi yake tsinka. Shi ya sa mai bincike ke bin likitan gargajiya har kan tsauni, ya tsinko tsiron da furensa, ya busar, ya gwada shi da zane-zanen magunguna na zamanin Desi Sangye Gyatso na ƙarni na 17, wani lokaci har da gwajin ƙwayoyin gado.