Kokwamba

Kokwamba tsiro ne mai yaɗo, ɗan dangin kabewa, kankana da duma. Masana tsirrai na kiransa Cucumis sativus. Asalinsa ƙasar Indiya ne, inda aka fara nomansa fiye da shekara 3,000 da suka wuce, amma a yau ƙasar Sin ce ta fi kowace ƙasa samar da shi. Yana kama da gurjin da aka saba gani a ƙasar Hausa, sai dai ba iri ɗaya ba ne.

Kusan kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne, shi ya sa yake sanyaya jiki da kashe ƙishi a lokacin bazara. Giram 100 nasa na ɗauke da kalori kusan 15 kacal, don haka yana cika ciki ba tare da ƙara ƙiba ba. Akwai bitamin K da sinadarin fotashiyam a cikinsa. Ɓawon ne ya fi harza mai sauƙaƙa bayan gida, saboda haka gara a wanke shi tas a ci da ɓawonsa da a fere. Ɗacin da akan ji a gindinsa kan ƙaru idan shukar ta sha ƙishi a gona.

Galibi ɗanye ake cinsa. Indiyawa kan gurza shi cikin kindirmo su yi raita, Turkawa kuma su ƙara tafarnuwa da na'a-na'a. A Arewacin Najeriya akan yayyanka shi da tumatir da albasa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da ɗan yaji, ko a ɗora a gefen tsire da gurasa. Masu azumi na yawan nemansa wajen buɗa baki.