2.2 Tarihin Fassara Kalmomin Ingilishi Zuwa Hausa Daga Makarantar Nassarawa

Ba za a yi maganar yadda kalmomin Ingilishi suka shigo Hausa ba sai an waiwayi unguwar Nassarawa ta Kano. A nan ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa a shekarar 1909, kuma gidan da ya zauna yana nan har yau ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. Da Hausa ake koyarwa a makarantar, da rubutun boko. Wannan ya jawo matsala tun daga ranar farko, domin darussan lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya duk cikin Ingilishi aka tsara su, dole malami ya nemi abin da zai kira kowane abu da shi a gaban ɗalibai. A shekarar 1912 Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa, amma ƙa'idojin sun tsaya ne a kan yadda za a rubuta kalma, ba su ce ga kalmar da za a zaɓa ba.

Kafin hukuma ta yanke shawara, jama'a sun riga sun yi nasu aikin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma sunan da aka ba shi ya isa misali: an ɗauki "jirgi" da aka sani a ruwa aka ɗora shi a kan ƙasa, daga baya aka ɗaga shi sama. Wasu kalmomin kuwa ara aka yi, harshe ya tanƙwara su yadda za su zauna a bakin Bahaushe, wanda ba ya son baƙaƙe su cunkushe wuri guda. Ta haka aka sami tebur da bokiti da asibiti da kafinta, har da sukurudireba. Sarautun Turawa ma ba su tsira ba, sai ga Razdan da Di'o da Joji da En'e. Babu kwamitin da ya zauna a kan ko ɗaya daga cikinsu.

Ƙamus ya biyo baya ne. Na Bargery (1934) ya ƙunshi kalmomin Hausa kimanin 39,000, amma ɓangarensa na Ingilishi zuwa Hausa ɗan taƙaitacce ne a ƙarshen littafin. Wannan yana nuna wanda aka yi wa aikin, wato Baturen da ke son jin Hausa. Ɗalibin da ke fama da littafin Ingilishi sai da ya jira ƙamus ɗin Skinner na 1965. A tsakanin nan, nauyin ya faɗa kan Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, da kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Su ba su da lokacin jira, labarin yaƙi ya zo yau, dole ya fito da Hausa. A fannin mulki an fi karkata ga Larabci, wanda malamai suka riga suka saba da shi, shi ya sa siyasa da jam'iyya da jamhuriya suka zauna daram. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta tattara jerin kalmomin aro da na fannoni, sannan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka buɗe a Kano a 1969 ta gaji aikin.

Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ya faru a Italiya, inda aka gwada yin aikin da ƙarfin doka. A 1909, shekarar da aka buɗe makarantar Nassarawa, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar ta cire kalmar Ingilishi daga sunanta ta sa "calcio", sunan wani tsohon wasa na birnin Fulorans, kuma kalmar ta karɓu. Amma a zamanin Musolini, da aka hana sa baƙin kalmomi a allunan shaguna a 1940, aka kuma shiga fitar da jerin kalmomin maye, da yawansu ba su wuce takarda ba. Har yau Ba'italiye "sport" yake cewa, "computer" yake cewa, bai ko canza musu harafi ba.

Ta wannan fuska Hausa ta fi Italiyanci ƙarfin hali, domin abin da ta ara ba ta barinsa da rigarsa. Sai dai ita ma ta sha ƙin abin da masana suka miƙa mata. An ƙirƙiri "na'ura mai ƙwaƙwalwa", ana jin ta a labaran rediyo, ana rubuta ta a jarrabawa. Mai shago a kasuwar Farm Centre kuwa, idan zai faɗi kuɗinta, kwamfuta yake cewa.