Shafukan ƙuri'a a intanet: yadda suke aiki da abin da ɗan kasuwar Filinge zai iya samu

Duk lokacin da babbar Salla ta matso, matasa masu saida raguna kan tambaye mu yadda za su sa hoton hajarsu ya kai idon mutane da yawa a intanet. Wasu har an ce musu su turo kuɗi a sayo musu ƙuri'a. Shi ya sa munka ga ya dace mu yi bayanin inda wannan tsarin ya samo asali.

Shafin ƙuri'a shi ne shafin da babu edita mai zaɓen labarin da za ya hau gaba. Kowa na iya kawo labari, sauran jama'a su danna alamar yarda ko ta ƙi. Wanda ya tara ƙuri'u da sauri sai ya hau saman shafi, inda dubban mutane za su gan shi su bi shi har gidan wanda ya wallafa. Lokaci na da nauyi a lissafin: ƙuri'un farko sun fi na baya tasiri, kuma labari na tsufa yana gangarowa ƙasa ko da ya tara masoya.

Biyu sunka yi suna a Amurka. Digg, wanda Kevin Rose da abokansa sunka buɗe a 2004, da Reddit, na Steve Huffman da Alexis Ohanian, a 2005. A zamanin da Digg ke tashe, ƙaramin shafi in labarinsa ya hau gaba, baƙi kan yi masa yawa har ya daina buɗewa. Ƴan talla sunka ga haka, sai ciniki ya shigo: ana biyan mutane su danna, wasu ƴan tsiraru kuma na haɗa baki suna ɗaga labaran junansu. A watan Agustan 2010 kamfanin ya sake fasalin shafin, ya cire alamar binne labari, ya ba manyan kafofin labarai fifiko. Jama'a sunka yi fushi, sunka kwashe zuwa Reddit. A 2012 an ruwaito cewa an saida sunan Digg da shafinsa kan dalar Amurka kusan 500,000, alhali shekaru kaɗan kafin nan ana maganar miliyoyi masu yawa. Reddit kuwa ya tsaya, har ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Maris 2024. Dokarsa ta hana saye ko roƙon ƙuri'a, kuma mai yin haka ana iya rufe masa asusu.

To, mu nan Kurfai mi ya shafe mu? Gaskiya Reddit kusan duk da Ingilishi ake yinsa, mai son rago a Yamai kuma ba can yake nema ba. Amma dabarar ta bi mu har cikin salularmu. Facebook ya kawo alamar babban yatsa a 2009, kuma shi da TikTok duk suna duba yawan dannawa, tsokaci da rabawa kafin su ƙara nuna abu ga wasu. Ke nan mai saka bidiyon shanun Azawak irin na Tukunus, ko mai saida cuku, ko mai buhunan wake, yana cikin zaɓe ko da bai sani ba.

Abin da ya kamata a gane shi ne, mai danna yatsa daban, mai saye daban. Bidiyon rago mai ƙaho na iya samun kallo daga Kano har Abidjan, amma wanda za ya biya kuɗi shi ne wanda ragon zai iya isa gare shi, galibi a Yamai, tazarar kilomita kusan 180, ko ɗan'uwa ɗan ci-rani da ke son a kai wa iyalinsa a gida. Taron da ya zo don kallo kwana ɗaya ne, gobe ya koma wajen wani. Su kuma ƙuri'un da ake saidawa, yawanci asusun bogi ne da babu mutum a bayansu. Illarsu ta wuce asarar kuɗi: in shafinka ya cika da mabiyan da ba su taɓa cewa uffan, na'urar sai ta ɗauka kayanka ba su da farin jini, ta rage nuna su ga mutanen gaske. Ka biya jikkuna ka sayo wa kanka koma baya ke nan.

Waɗanda munka ga abin na yi musu aiki, hanyarsu ba ta da wuya. Suna ɗaukar dabba da hasken rana, tana tafiya, ba a ɓoye ƙafa ko haƙori ba. Suna faɗin farashi da sefa, da garin da take, da wanda za ya biya kuɗin mota. Bayanin da murya suke yinsa, da Hausa ko Zabarmanci, tunda ba kowane mai saye ke karatu ba. Bidiyon kuma gajere ne, don kowa ya san tsadar mega da yadda layi ke yankewa a ƙauyukanmu. Sannan suna shiga zaurukan ƴan garinsu su yi hira kamar kowa, ba sai ranar talla kaɗai ake ganinsu ba. Mai zuba talla safe da yamma, masu kula da zaure kan fitar da shi.

Cinikin kansa a WhatsApp ko kiran waya yake ƙarewa, inda babu ƙuri'a ko ɗaya. Can ne ake tambayar wa ya san ka a kasuwar Filinge, wane dillali za ya tsaya maka. Masu hankali kan ajiye lambobin waɗanda sunka taɓa saye a littafi, ba cikin salula kawai ba, saboda asusu na iya rufewa dare ɗaya, salula ma na iya ɓata.