Rufewa da Rumbun Tsimi a Tarihin Ƙasarmu

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Adar da Gobir da Katsinar Maraɗi, kafin ya hangi zauren maigari zai fara hangen rumbuna. Iri biyu ne: rumbun kara ko zana, da rufewa wadda ake ginawa da laka. Rufewa ita ce ta fi daɗewa a tsaye, ita ce kuma ta fi nuna gwanintar maginan da.

Da dutse ake fara ta. Magini yakan jera manyan duwatsu a ƙasa, ya ɗora itace a kansu, sannan ya shimfiɗa gindin laka. Wannan ɗagawa ce ke raba hatsi da gara da danshin damina, ta bar iska tana ratsawa ta ƙarƙashi. Bangon kuwa da yumɓu da ramno ake ɗaga shi, zagaye bayan zagaye, a cikin rani, kowane sai ya sha iska kafin a aza wani. Cikinta yakan buɗe kamar tulu, ya tsuke a sama, inda baki ɗaya tak yake, a rufe shi da jinka. Sai da tsani ake shiga. Hatsin da aka zuba da zangarniyarsa yakan yi shekaru bai lalace ba.

Yunwar 1913 zuwa 1914 da ta 1931 sun nuna darajar wannan gini. Bayan ta 1931 Faransawa suka matsa wa talakawa da ajiye hatsi a rumbunan tsimi, suka ɗora wa sarakuna da masu gari nauyin tarawa da tsaro. Jama'a da yawa sun ji zafin tilascin, amma amanar hatsin gari ta zama ma'aunin da ake auna mai sarauta da shi. A 1970 gwamnatin Nijar ta kafa OPVN domin ajiyar cimaka, daga baya bankunan hatsi suka yaɗu a ƙauyuka. Farin 1973 da na 1984 da ƙarancin abinci na 2005 sun tabbatar buƙatar ba ta gushe ba.

Yau siminti da kwano da buhu suna maye gurbin laka, maginan rufewa kuma suna raguwa. Ya kamata manyan gari su kula da waɗanda suka rage, su sa matasa su koyi aikin daga hannunsu tun suna raye.