Bakteriyar da ke mayar da gorar roba magani da ƙamshin abinci

Wannan fasaha ce ta sauya wa ƙwayoyin bakteriya tsarin halitta domin su ci sinadaran robar da aka zubar, su fitar da wani abu mai daraja. Robar da aka fi yin aikin a kanta ita ce PET, wadda ake yin gorar ruwa da ta lemo da ita.

Asali

A 2016 masana a Japan suka sanar da gano bakteriya mai suna Ideonella sakaiensis a wajen tara gorunan roba a birnin Sakai. Tana fitar da sinadarin da ke narkar da PET, ya mayar da ita kayan da aka haɗa ta da su tun farko.

Yadda take aiki

Da farko ana narkar da robar a fitar da asid ɗin tereftalik. Sai a ba bakteriyar E. coli da aka yi wa gyara, ita kuma ta sarrafa shi. A 2021 Joanna Sadler da Stephen Wallace na Jami'ar Edinburgh sun samar da banilin ta wannan hanya, wato ƙamshin da ake sa wa kek da alawa. A 2025 ayarin Wallace ya samar da farasitamol. A Faransa, kamfanin Carbios ya buɗe masana'antar gwaji a Clermont-Ferrand a 2021, inda ake narkar da PET a sake yin sabuwar roba.

Abin da ya shafi Libreville

Tun 2010 Gabon ta hana shigo da ledar da ba a sake sarrafa ta, amma roba na ci gaba da cika kwatoci a unguwanni irin su Okala, ta isa bolar Mindoubé ko bakin teku. Ledar ruwa da ta cefane wata roba ce daban, kuma waɗannan ƙwayoyin ba sa cin ta. Banilin da farasitamol ɗin ma har yanzu a ɗakin gwaji suke.

Fasahar tana bukatar gora mai tsabta da aka ware daga sauran shara. Gorar da aka ƙona ko ta cakuɗe da ragowar abinci da ƙasa tana da wuyar sarrafawa. Shi ya sa masu shaguna da masu tsintar gora a Okala ke riƙe da matakin farko na aikin: ware gorar kafin ta shiga bola.