Garkar Makaranta da Koyar da Kimiyyar Tsirrai: Nazari Kan Ƙonni, Malbaza da Illela

A manhajar firamare ta Nijar akwai darasin ayyukan hannu da ake taƙaitawa da APP, kuma noman garka na cikinsa. Sai dai sau da yawa abin bai wuce a miƙa wa yara bokiti su yi ban-ruwa, ko a sa su cirar ciyawa ba. Matsayin wannan maƙala shi ne: a yankunan da yaro ya buɗe ido ya tarar da hauya a gidansu, aikin ƙarfi ba sabon abu ba ne gare shi. Abin da makaranta za ta ƙara masa shi ne awo, kwatanci da rubuta sakamako.

Hujja ta farko ita ce kalanda. Shekarar karatu tana farawa a Oktoba, ta ƙare a Yuni, wato gero yakan tsiro har ya yi bunni yara suna hutu. Noman rani kuwa ya yi daidai da zangon karatu. Albasar Galmi, a yankin Malbaza, ana yafa irinta bayan damina, a yi dashe da sanyi, a cire ta da bazara. A Ƙonni ma, ruwan madatsun Mozage da Zongo ne ke ciyar da fili mai sama da hekta 2,000. Saboda haka aji guda zai iya bin rayuwar shuka tun daga ƙwaya har zuwa rudu, wato rumbun ajiye albasa.

Misali, a yi fangali biyu masu girma ɗaya, a dasa albasa adadi ɗaya, a zuba wa guda takin dabbobi, a bar ɗayan haka. Kowane mako yara su auna tsawon ganye, su rubuta a littafi. Ranar cira kuma a ɗora kowane kaso a sikeli. A nan lissafi, rubutu da kimiyya sun haɗu. Haka in aka tuge wake aka wanke saiwarsa, yaro zai ga ƙananan ƙululai a jikinta, mazaunin ƙwayoyin halitta masu ɗaukar sinadarin naitorojin daga iska. Daga ranar ya gane dalilin da ya sa babansa yake gauraya wake da gero.

Hujja ta biyu tarihi ne. A 1989 wasu manoman Illela sun je Yatenga a Burkina Faso, ƙarƙashin wani shiri na hukumar FIDA, suka ga yadda ake inganta ramukan shuka. Da suka dawo, tassa, wato waɗannan ramuka, ta bazu a fako da aka riga aka yanke wa ƙauna, domin maƙwabci ya ga amfanin maƙwabcinsa da idonsa. Gani ya kori ji. Malami a Badagishiri zai iya maimaita wannan darasi da bokiti biyu na ruwa: a zuba ɗaya a kan fako, ɗaya a cikin tassa mai taki, washegari a tona a ga inda danshi ya tsaya.

Akwai masu suka, kuma ba a rasa gaskiya a bakinsu ba. Uba zai ce ya kai ɗansa lakkol ne don ya tsere wa hauya. Amsa ita ce, in garka ƙwadago ce kawai, ƙorafinsa daidai ne. Amma manomin da ya iya lissafin taki, iri da riba ba ya faɗawa hannun dillali cikin sauƙi. Matsalar ruwa da ɓarnar awaki kuma tana buƙatar kwamitin kula da makaranta ya tsaya kan shinge da rijiya, kuma fangali huɗu sun isa gwaji.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya dace a fara bayanin da sunayen da yaro ya sani, kamar gawo, ƙuduji da zogale. Daga ƙarshe, wajibi ne littafin garka ya samu maki a jarrabawa, domin darasin da ba a auna shi, malami da ɗalibi duk sukan ɗauke shi wasa.